BABI NA HUƊU: Barkwanci da Aikin Jarida a Fagen Siyasar Kano

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin matsayin ɗan kama a al'ummar Hausawa, da irin damar da al'ada ta ba shi ta faɗar abin da wani ba ya iya faɗa. A wannan babi kuwa, za a duba yadda wannan dama ta kasance bayan da barkwanci ya shiga rediyo da fim, ya kuma cuɗanya da aikin jarida. Za a auna al'amarin ne ta fuskar mai sauraro na karkara, musamman mutanen Balan da sauran garuruwan Gaya da Ajingi, waɗanda rediyo ce babbar hanyarsu ta jin labarin gwamnati.

4.1 Tushen Ɓangaranci a Kafafen Watsa Labarai

Ɓangaranci ba baƙon abu ba ne a kafafen watsa labaran Kano. A jamhuriya ta biyu, gwamnatin PRP ta Alhaji Abubakar Rimi ta kafa jaridar Triumph a shekarar 1980, a lokacin da magoya bayanta ke kallon Rediyon Tarayya na Kaduna a matsayin bakin jam'iyyar NPN. Ke nan kowane ɓangare ya tanadi kakakinsa. A tarzomar watan Yuli na 1981, gidan Rediyon Kano da ofishin Triumph suna cikin wuraren da aka auka wa, aka kuma kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Wannan ya nuna cewa tun a wancan lokaci jama'a ba su ɗauki waɗannan kafafe a matsayin 'yan ba-ruwanmu ba.

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ce ta buɗe ƙofar mallakar gidajen rediyo masu zaman kansu, kuma a 2003 gidan rediyon Freedom ya fara aiki a Kano. Babu shakka wannan ya ba talaka damar jin muryar 'yan adawa. Sai dai kuma ya haifar da wata sabuwar matsala, wato cinikin fili.

4.2 Salon Sojojin Baka

Sojojin baka su ne masu shiga shirye-shiryen siyasa, irin su "Kowane Gauta", domin kare ubangidansu da sukar abokin hamayyarsa. Idan aka nazarci salonsu za a tarar kayan aikin ɗan kama ne suka ara, wato zambo da habaici da laƙaba suna da kwaikwayon murya da karin magana. Da wuya su kawo alƙaluma ko takarda a matsayin hujja. Dariyar da suka jawo ita ce ke tsayawa a madadin hujjar, domin mutum yakan manta bayani amma ba ya manta laƙabin da ya ba shi dariya.

A nan ne bambancinsu da ɗan kama yake. Shi ɗan kama a bainar jama'a yake wasa, kowa yana ganin wanda ya yi masa kyauta, saboda haka kowa ya san nauyin da zai ba maganarsa. Shi kuwa sojan baka, mai sauraro ba ya ganin hannun da ya biya kuɗin fili, ga shi muryarsa tana fitowa daga akwatin da labarai ke fitowa. Masu iya magana kan ce, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Batun masarautu misali ne mai kyau. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiri masarautun Gaya da Rano da Ƙaraye da Bichi. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su, daga baya ta maido da Gaya a matsayin mai daraja ta biyu. Ga mutumin Balan wannan magana ce ta wanda zai kai wa caffa, amma sojojin baka sun fi mayar da ita fagen gugar zana tsakanin gidajen siyasa biyu.

4.3 Idan Barkwanci Ya Taɓa Mai Mulki

Abin lura shi ne, barkwancin da ake biya a yi wa abokin hamayya, shi ne ke zama laifi idan ya juyo kan mai mulki. A 2008 kotun tafi-da-gidanka ta Hukumar Tace Finafinai ta ɗaure Rabilu Musa Ɗan Ibro wata biyu dangane da fim ɗin "Ibro Aloko". Tuhumar dai ta saɓa dokar tace finafinai ce, amma mutane da dama sun danganta ɗaurin da wata waƙa da aka ɗauka habaici ce ga Gwamna Ibrahim Shekarau. Haka kuma a watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok hukuncin bulala 20 da tara da sharar harabar kotu, saboda zolayar Gwamna Ganduje. A watan Mayu na 2025 kuwa gwamnatin jihar ta sanar da hana watsa shirye-shiryen siyasa kai tsaye. Gwamnatoci uku ke nan na jam'iyyu daban-daban, amma matakinsu iri ɗaya.

4.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa laifin ba na barkwancin kansa ba ne. Matsalar ita ce ɓoye wanda ya ɗauki nauyinsa, da kuma hukunta shi sa'ad da ya taɓa na sama kawai. Ya kamata gidajen rediyo su riƙa ambaton sunan wanda ya sayi fili a farkon shiri da ƙarshensa, su kuma raba shi da lokacin labarai. A babi na gaba za a duba tasirin waƙoƙin siyasa a kan masu zaɓe na wannan yanki.