Gwanintar Mai Gyaran Firji

Aikin firji shi ne ya kwashe zafin da ke cikinsa ya zubar a waje. Mazubar ita ce baƙin bututun nan da ya nannaɗe a bayansa, wanda masu gyara ke ce wa kwandensa. Kwamfiresa kan matse gas ta tura shi cikin bututun da zafinsa, iska tana bugun ƙarfen, gas ɗin yana hucewa har ya zama ruwa. In bai zama ruwa ba, babu sanyi.

A Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa wannan aiki ba wasa ba ne, domin a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40, kuma dole bututun ya fi iskar waje zafi kafin ya sauke kayansa. Shi ya sa ƙwararren mai gyara kan fara da tafin hannu. Zai dafa saman bututun ya ji zau, ya bi shi a hankali zuwa ƙasa, inda ya kamata ya tarar da ɗumi kawai. In zafin ya tsaya a lanƙwasar farko, gas ya yi kaɗan. In ko'ina ya ɗau zafi har ƙasa, to gas ya yi yawa, ko iska ta shiga, ko ƙurar hunturu ta lulluɓe ƙarfen.

Gas ɗin ma ya sauya a hannun masu gyara. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta kori R12 saboda yana cinye rigar ozon da ke tare hasken rana mai cutarwa. R134a ya gaje shi, sai gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya sa shi ma a layin ragewa saboda ɗumamar yanayi. Yanzu R600a ke cikin yawancin sababbin firji. Kusan rabin nauyin R134a ya ishe shi, don haka gwani da sikeli yake auna shi. Yana kuma kama wuta: sai an fitar da shi a sarari, an zuƙe bututun tas, sannan a kunna wutar walda. Daga baya a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a zuba ido ko za ta yi ƙwai.

Mai sayar da zoɓo da ƙanƙara a watan azumi, da ma'aikacin asibitin da ke ajiye allurar rigakafi, duk da wannan hannu suka dogara. Kafin a kira mai gyara kuwa, a janye firji daga jikin bango, a kakkaɓe masa ƙura.