Zulumi da Firgita: Nazarin Fim Ɗin Daratt Domin Ɗalibai Masu Shirya Fim a Garwa

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da aka ɗora wa aikin shirya gajeren fim ɗin zulumi, wato abin da Turawa ke kira thriller, yakan fara ne da neman bindigar roba, da babura biyu da za su yi tsere, da wani ƙato mai murtuke fuska da zai fito a matsayin bos. Sau da yawa idan aka zo nuna aikin a aji, sai dariya ta ɓarke a daidai wurin da aka so jikin kowa ya yi sanyi. Wannan takarda tana ganin tushen matsalar shi ne ƙarancin bincike ta fuska biyu: ɗalibi bai tantance ƙa'idojin wannan nau'i na fim ba, kuma bai san waɗanda yake shirya wa fim ɗin ba. Domin fito da wannan batu fili, an zaɓi fim ɗin Daratt na Mahamat-Saleh Haroun, ɗan ƙasar Chadi, wanda ya fito a 2006. Za a dubi yadda ya sarrafa zulumi, sannan a auna shi da masu kallo na Garwa da sauran garuruwan arewacin Kamaru.

2.0 Ma'anar Fim Ɗin Zulumi

Ya kamata tun farko a rarrabe abubuwa uku da ɗalibai kan cakuɗa. Fim ɗin faɗa yana burge mai kallo da ƙarfin jarumi. Fim ɗin ban tsoro yana razana shi da aljanu ko mayu ko jini. Shi kuwa fim ɗin zulumi, aikinsa shi ne ya riƙe mai kallo cikin ɗar-ɗar na tsawon lokaci a kan wani abu da bai riga ya faru ba.

Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da ya shahara a wannan fage, ya yi bayanin bambancin firgita da zulumi a hirar da François Truffaut ya yi da shi a 1962, wadda ta fito a littafi a 1966. Misalin da ya kawo shi ne na mutane suna hira a kan tebur. Idan bam ya tashi ba zato ba tsammani, mai kallo zai firgita na 'yan daƙiƙoƙi, shi ke nan. Amma idan aka nuna masa bam ɗin a ƙarƙashin tebur tun farko, aka sanar da shi lokacin da zai tashi, ga kuma agogo a bango, to hirar banza ma za ta zame masa abin saurare da dukkan zuciya, har ya ji kamar ya yi wa mutanen tsawa su tashi.

Daga wannan misali za a iya fitar da ginshiƙai uku. Na farko shi ne rabon sani, wato wa ya san me tsakanin mai kallo da taurari. Na biyu wa'adi, wato jin cewa lokaci na ƙurewa. Na uku kuma abin da za a yi asara, wanda dole ya kasance mai daraja a idon mai kallo. Bindiga da tseren mota ba sa cikin waɗannan ginshiƙai. Ado ne, ana iya sa su, ana iya barin su.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a adabin Hausa. Yaron da ke sauraren tatsuniya ya san makircin da Gizo ya ƙulla, Kura ce ba ta sani ba, kuma daɗin labarin yana cikin jiran lokacin da asiri zai tonu. A rubutaccen zube, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda suka fito a 1982, sun yi amfani da miyagun laifuka wajen jan ran mai karatu. Shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24 kuwa, sunansa kansa wa'adi ne.

3.0 Taƙaitaccen Labarin Daratt

Kalmar daratt tana nufin lokacin rani. Fim ɗin ya buɗe da sanarwa a rediyo cewa an yi afuwa ga duk waɗanda suka aikata laifuka a yaƙin basasar Chadi. Wani tsoho makaho da aka kashe wa ɗa bai yarda da wannan hukunci ba, sai ya ɗauko ƙaramar bindiga ya miƙa wa jikansa Atim, ɗan shekara 16, ya tura shi Njamena ya kashe Nassara, mutumin da ya kashe mahaifinsa tun kafin a haife shi. Atim ya tarar da Nassara ya zama mai gidan burodi, yana zuwa masallaci, yana kuma raba wa yara sadakar burodi a ƙofar gidansa. Yaƙi ya bar masa rauni a maƙogwaro, ba ya iya magana sai ya kanga wata 'yar na'ura a wuyansa. Nassara ya ɗauki Atim aiki, ya koya masa sana'a, har daga baya, bayan matarsa Aisha ta rasa cikin da take ɗauke da shi, ya nemi ya mayar da yaron ɗansa. A ƙarshe Atim ya kai shi gaban kakansa a cikin sahara, ya harba bindiga a iska. Tsohon, da yake ba ya gani, ya tafi da yaƙinin an ɗaukar masa fansa. Fim ɗin ya sami kyauta ta musamman ta alƙalai a bikin finafinai na Venice a 2006.

3.1 Yadda Aka Sarrafa Zulumi

Ba kowane manazarci zai sa Daratt a sahun finafinan zulumi kai tsaye ba, domin jigonsa fansa ce da yafiya. Duk da haka, ƙashin bayansa na zulumi ne tsantsa. Bam ɗin da ke ƙarƙashin tebur a nan ita ce bindigar da ke jikin Atim. Mai kallo ya ga lokacin da aka ba shi ita, ya san abin da aka ce ya yi da ita, alhali Nassara, ga dukkan alamu, bai san ɗan wane ne ya shigo da shi gidansa ba. Saboda haka duk lokacin da ya juya wa yaron baya yana kwaɓa fulawa, ko ya sunkuya a bakin wuta, sai gaban mai kallo ya faɗi. Aikin gidan burodi, wanda a wani fim zai zama cike gurbi kawai, a nan ya zama filin daga.

Wa'adin fim ɗin ba na agogo ba ne. Kowace rana da Atim ya ƙara a gidan tana rage masa ikon yin kisan, domin ya ci abincin mutumin, ya koyi sana'a a hannunsa, ya saba da matarsa. Bahaushe ya san nauyin cin gishirin mutum, ya kuma san matsayin ubangida a wurin yaronsa. Ta haka tambayar da ke zuciyar mai kallo take sauyawa a hankali. Da farko yana tambayar yaushe zai harbe shi, daga baya sai ya koma tambayar me zai rage na yaron idan ya harba, me kuma zai faɗa wa kakansa idan ya fasa.

Ƙarshen fim ɗin shi ne ƙololuwar rabon sani. Mutum uku ne a wurin, mai kallo na huɗu. Atim ya san gaskiya, Nassara ya sani, mai kallo ya sani, makaho kaɗai aka bari da ƙarar harbi. Wato makantar tsohon da aka shuka tun a fitowa ta farko ba don neman tausayi aka yi ta ba, a nan aka girbe ta. Wannan darasi ne babba ga ɗalibi: duk abin da zai warware ƙulli a ƙarshe, dole a nuna shi tun da wuri, a bar mai kallo ya manta da shi.

3.2 Inda Fim Ɗin Ya Yi Rauni

Kowane allazi da nasa amanu. Daratt yana tafiya a hankali ƙwarai, magana kaɗan ce, kiɗa ma haka. A tsakiyarsa akwai wuraren da igiyar zulumi ta yi sako-sako, domin an maimaita yanayi guda, wato yaro ya sami dama ya kasa, ba tare da haɗarin ya ƙaru ba. Haka kuma Aisha ba ta sami rawar da ta kamace ta ba, an fi amfani da ita wajen tausasa zukatan mazan biyu. Sannan an shirya fim ɗin ne da tallafin wani biki da aka yi a Vienna a 2006 na cikar mawaƙi Mozart shekara 250 da haihuwa, kuma a bukukuwan Turai ya fara yin suna. Ke nan masu kallonsa na farko ba su ne mutanen da ke zaune a benci a gidan kallo na unguwa ba. Wannan shi ya kawo batun masu kallo.

4.0 Masu Kallo a Garwa

Garwa, babban birnin Yankin Arewa na Kamaru, tana bakin kogin Binuwai, kogin da ya wuce ta Yola. Abubuwa uku ya kamata ɗalibi ya lura da su game da masu kallonta.

Na farko shi ne wurin kallo. Zamanin gidajen silima irin su Ribadu ya wuce. A ƙasar baki ɗaya ma, manyan gidajen silima uku da suka rage, wato Abbia a Yawunde, da Wouri a Duwala, da Empire a Bafusam, an rufe su a farkon 2009, sai a 2016 aka buɗe wani sabo a Yawunde. Kallo ya koma gidajen bidiyo, da talabijin na gida, da wayar hannu. Fim ɗin da za a kalla a ƙaramin allo cikin hayaniya ba zai dogara da hoton nesa ko raɗa ba, yana buƙatar fuska a kusa da sauti bayyananne.

Na biyu shi ne harshe. Fulatanci ne harshen kasuwa da titi, Faransanci na makaranta da ofis, ga kuma Hausa a bakin Hausawan gari da 'yan kasuwa da masu bin finafinan Kano. A irin wannan gari, ƙarancin maganar da aka lissafa a matsayin rauni ga Daratt yana iya zama ƙarfi, domin bindiga a aljihu da bayan da aka juya ba su buƙatar tafinta.

Na uku, kuma mafi nauyi, shi ne tarihin tsoro. Mutanen wannan yanki sun sha fama da 'yan fashi masu tare hanya, waɗanda ake kira zargina, da masu sace 'ya'yan makiyaya don neman kuɗin fansa. Masanin tarihi Saïbou Issa ya wallafa littafi a kan wannan a 2010. A Yankin Arewa Mai Nisa kuma, an sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya kusa da Waza a watan Fabrairu na 2013, kafin hare-haren Boko Haram su tsananta a 2014. Wanda ya taɓa kwanciya rubda-ciki a gefen titi ya san yadda tare hanya take, ba za a ruɗe shi da bindigar roba ba. Ta wani ɓangaren kuma, ana iya fama masa ciwon da bai warke ba. Cyrielle Raingou, 'yar Kamaru, ta nuna wata hanya a fim ɗinta na gaskiya kan yaran Kolofata, wanda ya ci babbar kyautar bikin Rotterdam a 2023, inda ta bar haɗarin a gefen hoto, ta tsaya a kan rayuwar yaran.

5.0 Hanyar Gudanar da Bincike

Binciken masu kallo ba ya ƙarewa a raba takardar tambayoyi, domin mutum yakan faɗi abin da yake jin ana son ji. Brian Larkin, wanda ya yi nazarin silima a Kano ya wallafa littafinsa a 2008, ya nuna cewa wurin kallo da yanayinsa suna cikin ma'anar fim. Don haka ɗalibi ya nemi izinin mai gidan kallo, ya zauna tare da jama'a, ya rubuta inda aka yi tsit, da inda aka yi ihu ana gargaɗin jarumi, da inda aka fara duba waya. Ya tuna kuma cewa galibin masu zuwa irin waɗannan wurare samari ne, mata sun fi kallo a gida, saboda haka sai an bi ta hannun ɗaliba kafin a ji nasu ra'ayin.

Bayan haka sai gwaji. A ɗauki fitowa guda, misali yaro ya shiga mota a tashar Garwa zai nufi Marwa da kuɗin fansar ƙaninsa a cikin buhun gero. A haɗa ta iri biyu. A ta farko, kada a nuna komai sai a Figil wani fasinja ya fito da wuƙa. A ta biyu, a nuna tun a tasha cewa mutumin da ya matsa wa yaron ya zauna ya ga lokacin da aka cusa kuɗin. A nuna wa rukuni biyu daban-daban, a tsayar da fim a tsakiya, a tambaye su abin da suke jin zai faru da wanda suke jin tsoro dominsa. Idan ba su damu da kowa ba, to ginshiƙi na uku ya faɗi, sai a koma kan rubutu.

6.0 Kammalawa

A wannan takarda an yi ƙoƙarin nuna cewa fim ɗin zulumi ya dogara ne a kan rabon sani, da wa'adi, da darajar abin da za a rasa. An ga yadda Daratt ya gina waɗannan da bindiga ɗaya da gidan burodi ɗaya, an kuma ga inda tafiyarsa ta yi nauyi. Ɗalibin Garwa ba shi da kuɗin fasa motoci, kuma ba ya buƙatar su. Abin da yake da shi shi ne masu kallo da suka san tsoro da idonsu, masu harsuna uku a baki. Ko za su jure wa tafiyar hawainiya irin ta Haroun, ko sai an ƙara mata sauri, tambaya ce da benci a gidan kallo kaɗai zai amsa, kuma can ya kamata ɗalibi ya fara zuwa kafin ya ɗauki kyamara.