Sharo a Alƙalamin Marubutanmu: Ina Zuciyar Mai Tsayawa?

Cikin 'yan watannin nan an kawo mana rubuce-rubucen matasa guda uku domin mu duba, biyu daga ciki kuwa da sharo a cikinsu. Ɗaya ma a Baturiya marubucin ya kafa labarinsa, da rani, lokacin da ruwan kogin Haɗeja ya ja baya Fulani suka gangaro fadama da shanunsu. Mun yi murna da ganin an tuna da gida. Sai dai da muka kai fagen sharon, murna ta koma ciki.

Malamin ya iya siffanta waje, wannan ba mu ƙwace masa ba. Mun ji kiɗa, mun ga ƙura, mun ga 'yan mata sun yi da'ira, mun ji ƙarar tsumagiyar tsamiya a haƙarƙari. Shafi huɗu cur yana bayanin jini da tabo. Amma saurayin da ya tuɓe riga, ya ɗaga hannuwa sama, ya riƙe madubi yana kallon fuskarsa, ba a ba mu ko layi ɗaya na abin da ke ransa ba. An mai da shi kamar turmi, ana ta daka.

Alhali nan ne labarin yake. Wannan baligi ne da hankalinsa, ba wanda ya jawo shi, ba wanda ya ɗaure shi. Da ƙafarsa ya shigo fili, ya san wanda zai doke shi, kuma ya san akwai ranar ramuwa da shi ma zai riƙe tsumagiya. Yardar nan ita ce ta raba sharo da dukan zalunci. Marubucin da bai gane ta ba, ko dai ya rubuta mana dabbanci, ko ya rubuta mana wasan yara.

To, me yake nema? Amsar da aka saba bayarwa ita ce mata. Ko Cyprian Ekwensi, a littafinsa Burning Grass na 1962, da neman aure ya haɗa sharo, kuma tun daga nan kusan kowa hanyar yake bi. Ba ƙarya ba ne, amma ya yi kaɗan. Fulani suna da abin da suke kira pulaaku, wato fulaku, a cikinsa akwai munyal, jimiri, da semteende, kunya. Madubin nan ba na ado ba ne kawai. Da shi yake tsaron fuskarsa kada ta tona masa asiri. Ashe ba da mai duka yake kokawa ba, da jikinsa ne. Wanda ya miƙa haƙarƙarinsa ga wani ya sallama jikin ne don ya nuna ragamar kansa tana hannunsa.

Wannan hali kuwa ba na Fulani kaɗai ba ne. A Japan akwai manya da kan yarda a ɗaure su da igiya, fasahar da suke kira kinbaku, kuma masu yin ta kan ambaci amana da natsuwa kafin su ambaci zafi. Wani masanin halayyar ɗan'adam na Amurka, Roy Baumeister, ya kawo ra'ayi a 1988 cewa mai neman irin wannan wuya da kansa yana neman hutu ne daga nauyin tunanin kansa. Ko mun yarda da shi ko ba mu yarda ba, ya dai yi tambayar da marubutanmu suka tsallake.

Ba cewa muke a yabi sharo ba. Malamai sun daɗe suna sukarsa, an kuma sha rasa rai a fagensa, marubuci yana da 'yancin ƙinsa. Amma ƙi ma sai da sani. Mun ba ɗan'uwan namu shawara ya rage shafukan jinin nan zuwa ɗaya, ya koma daren jajibiri: saurayin yana kwance a ruga barci ya ƙi zuwa, yana shafa layarsa yana shakkar ko maganin zai ci, uwarsa kuma tana jin motsinsa amma kunyar ɗan fari ta hana ta ce masa uffan. Ya ce mana bai taɓa kwana a ruga ba. Daga Haɗeja zuwa Baturiya kuwa ba tafiyar yini ba ce.