Ciki Na Kee, Labari Na Theo

Sau biyu na kalli Children of Men, fim ɗin da Alfonso Cuarón ya fitar a 2006. A kallon farko na yaba. A na biyu kuwa wani abu ya tsaya mini a rai, shi ne nake so in baje a gaban malamai da 'yan'uwana ɗalibai.

Labarin dai a Ingila yake, cikin shekarar 2027. Shekara 18 ke nan ba a haifi ɗa a duniya ba. Hukuma tana cusa 'yan gudun hijira cikin keji kamar kajin kasuwa, tana kwasarsu zuwa sansanin Bexhill. Ana cikin haka sai ga Kee, yarinya baƙar fata marar takardun zama, ɗauke da ciki.

A nan Cuarón ya ci yabo. A littafin P. D. James na 1992, inda aka ɗauko labarin, mai cikin Baturiya ce. Shi kuwa ya juya al'amarin: ƙasar da ta shiga ƙasashen mutane ba sallama, ga shi makomarta tana jikin baƙuwar da take kora.

To, amma labarin na wane ne? Na Theo ne, Bature. Bayansa kyamara take bi daga farko har ƙarshe. Julian, macen da ke shugabancin 'yan tawaye, tun da wuri aka harbe ta, kuma mutanenta ne suka ƙulla. Luke da ya gaje ta so yake ya ɗaga jaririn kamar tuta. Wato hukuma da masu yaƙarta duk ba su ga Kee ba, mahaifa suka gani. Ita kanta ta gane haka, don a garken shanu ta tuɓe ta nuna cikin, bayan ta yi zancen yadda ake yanke nonon saniya don ya dace da injin tatsa. Amma sanin bai ba ta linzami ba, jan ta ake yi daga hannu zuwa hannu.

Wani abin kuma, a littafin maza ne suka daina haihuwa, fim ɗin ya mai da abin kan mata. Wannan kam ba baƙonmu ba ne, ko a gida in haihuwa ta yi jinkiri mace ake kallo.

A cikin kwalekwale, Theo na gab da cikawa, Kee ta raɗa wa 'yarta suna Dylan, sunan ɗan Theo da ya rasu.