Kirarin Maharba Ya Tsaya A Dajin Jiya

Kirarin mafarauta da muke saurara a wayoyinmu nan Kakuri akwai daɗin ji, amma dajin jiya yake wasawa. Yana zuga maharbin da ya daɗe bai fita ba ya wasa adda, ya ɗura bindigar toka, ya kira karnuka, sai ka ce barewa na nan inda ya bar ta. Ba ya gaya masa shekarun da dajin Birnin Gwari ya yi a hannun 'yan bindiga, balle mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025. Aikin kirari cire tsoro. Daga marubutanmu muke jiran labarin da zai sa maharbi ya tambayi hanya kafin ya rataya jaka.