Kowa Ya Bar Gida: Shirin Tafiya a Finafinan Nomadland da Jaguar

Finafinan tafiye-tafiye sun saba ɗora idon mai kallo a kan hanya, su bar kwanakin da ke gabanta cikin duhu. Alhali duk wanda ya tashi a ƙasar Ƙonni ko Malbaza ko Illela ya san cewa nauyin tafiya a tsakar gida ake fara ɗaukarsa, tun kafin a isa tasha. Finafinai biyu, ɗaya labarin Amurka ɗaya labarin mutanen Nijar, sun isa a auna wannan batu.

Na farko shi ne Nomadland na Chloé Zhao, wanda ya fito a 2020 ya kuma ci kyautar Oscar uku a 2021. Labarin wata mata ne mai suna Fern, wadda mijinta ya rasu, masana'antar da ke riƙe da garinsu na Empire a jihar Nevada kuma ta rufe a 2011, garin ya watse. Sai ta zuba kayanta a wani ɗakin ajiya na haya, ta mayar da motarta ɗakin kwana da madafa, ta shiga yawon neman aikin ɗan lokaci. Mutanen Malbaza, garin da masana'antar siminti ta ɗaukaka sunansa, ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan fargaba. Ƙarfin fim ɗin yana cikin ƙananan abubuwa, kamar farantan da mahaifinta ya ba ta, waɗanda ta ƙi rabuwa da su. Rauninsa kuwa shi ne an sauƙaƙa wa Fern rabuwar: ba ta da ɗa, ba ta da tsohuwar da za ta bari, saboda haka shirinta bai wuce zaɓen kaya ba.

Na biyu shi ne Jaguar na Jean Rouch, wanda aka fara ɗauka a 1954 aka fitar a 1967. Damure Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaudel sun bar Ayoru suka nufi Kumasi da Akara, a ƙasar da ta zama Gana, domin biɗa. An nuna su suna neman bakin mai duba kafin su kama hanya, an kuma nuna su sun dawo suna rabon tsaraba. Wannan ya fi kusa da al'adar yankin nan. Sai dai a nan ma samari ne ke riƙe da labarin da bakinsu, matan da aka bari kuwa ba a ji ta bakinsu ba.

A Adar, inda maza ke fita bayan girbi zuwa Nijeriya ko Abijan ko Libiya, shirin tafiya shawara ce ta gida baki ɗaya. Ana ƙirga damman hatsin da ke cikin rumbu a ga ko za su kai damina. Ana sayar da akuya ko a ci bashin kuɗin mota. Ana danƙa amanar mata da ƴaƴa ga wa ko mahaifi, a nemi albarkar iyaye da addu'ar malam. Idan kuma tafiyar ta haɗa da iyali, makaranta ce ke fara gani, domin benci yakan wayi gari babu mai shi a tsakiyar shekarar karatu. Karin maganar nan da ke cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi, daga irin wannan lissafi ta samo nauyinta.

Saboda haka ya dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su nuna wa matasa finafinan biyu, amma su biyo da tambayar da babu ɗayansu da ya amsa: wa ya biya kuɗin wannan tafiya, wa kuma ya zauna yana tsaron gida? Ƙungiyar wasan kwaikwayon da ta ɗora daren jajibirin tafiya a kan dandali, da uwar gida tana auna gero tana lissafin watanni, za ta ba jama'ar yankin labarin da Zhao da Rouch suka tsallake.