Mutumin da Ƙasa ta Rufe wa Fuska: Sharhi a Kan Littafin Barbara Tuchman

A littafinta A Distant Mirror na 1978, Barbara Tuchman ta ɗauki basarake guda, Enguerrand na Bakwai, ubangidan Coucy a arewacin Faransa, domin ta ba da labarin ƙarni na 14 ta kansa. Bayan na gama karantawa, na san iyakokin ƙasarsa sarai, shi kuwa ban san shi ba.

An haife shi a 1340, ya zama maraya tun yana yaro. Bayan yarjejeniyar Brétigny ta 1360 aka kai shi Ingila a matsayin jingina. A can ya auri Isabella, 'yar Sarki Edward na Uku, a 1365, aka sake shi ba tare da kuɗin fansa ba, aka kuma naɗa shi sarautar Bedford. A 1375 ya ja dakaru zuwa yankin Suwizalan neman gadon mahaifiyarsa, ya dawo bai yi nasara ba. Da surukinsa ya rasu a 1377, sai ya ajiye muƙamansa na Ingila ya zaɓi Faransa.

A nan littafin ya fi ƙarfi. Tuchman ta nuna cewa aure a tsakanin sarakunan nan yarjejeniyar ƙasa ce, har 'ya'ya ma rabo ake yi: Philippa ta zauna Ingila, Marie ta zauna Faransa.

Rauninsa kuwa, duk inda takardu suka yi shiru sai marubuciyar ta cike gurbin da hasashe, ko ta bar shi ta shiga labarin annoba da rikicin fafaroma, shafuka masu yawa ba a jin ɗuriyarsa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarshen. Enguerrand ya rasu a hannun Usmaniyawa a Bursa a 1397, bayan yaƙin Nicopolis, bai bar halattaccen ɗa namiji ba. Marie, wadda ta rasa uba da miji a shekara guda, ta yi shari'a da matar ubanta a kan gado, ta sayar da Coucy ga Louis na Orléans a 1400. Wannan mata ta cancanci fiye da 'yan shafukan da aka ba ta, domin a hannunta gidan ya ƙare.

Duk da haka ina ba da shawarar a karanta shi, musamman ga marubutanmu masu son ƙagaggen labari a kan tarihi. Za su ga inda takarda ke tsayawa, su kuma yanke wa kansu shawarar abin da ya halatta su ƙara.